Ka sayi joistik, ka sauke DCS, amma jirgi ya ƙi jin magana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kan saita joistik, wato sandar tuƙi da ake jonawa a kwamfuta, a DCS World, wasan kwaikwayon tuƙin jiragen yaƙi, zan yi magana, domin na lura yawancin waɗanda suke fara wannan harkar ba tuƙin jirgin ne yake korar su ba, shafin saitin ne, mutum ya ƙona data mai yawa ya sauke abu, ya jona joistik ɗinsa sabo fil, ya shiga jirgi cikin zumuɗi, sai yaga jirgin yana juyi shi kaɗai ko totur ya ƙi tashi ko hanci yana ta nutsewa ƙasa, sai ya buɗe Controls yaga layuka ɗaruruwa da Turanci, daga nan sai ya rufe yace abin ba nashi bane. Alhali wallahi abin da ake buƙata a ranar farko bai taka kara ya karya ba.

Ga wanda bai san shi ba, DCS World na kamfanin Eagle Dynamics ne, mutanen da suka daɗe a wannan fagen tun Su-27 Flanker na 1995, suka zo suka yi Lock On a 2003, sannan helikwafta Ka-50 a 2008. Kyauta ake sauke shi, kuma yana zuwa da jirage biyu da ba sai ka biya ko sisi ba, Su-25T na Rasha da TF-51D, wato Mustang, jirgi mai farfela, na koyo wanda ba shi da bindiga, ga taswirar Kokasus da filayen jirgi irin su Batumi, Kobuleti, Senaki da Kutaisi a ƙasar Jojiya, ga kuma ta tsibiran Mariyana ita ma kyauta. Ni shawarata ka fara da Su-25T. Jirgi ne mai nauyi, ba shi da kyan gani sosai, aikinsa farautar tankokin yaƙi a ƙasa-ƙasa, amma yana koya wa hannu ladabi. Kuma dangin wannan jirgin ba baƙi bane a wajenmu, sojojin saman Nijar da na Chadi duk sun mallaki Su-25, sai dai nasu ba samfurin T bane.

Maganar da nake so ka riƙe tun daga nan ita ce, kar ka zauna kace sai ka cika kowane maɓalli na joistik kafin ka tashi. Abu huɗu ne kawai suke tuƙa jirgi: ɗaga hanci da sauke shi, kwantar da fiffike hagu ko dama, filafilan wutsiya, sai totur. A cikin shafin sunayensu Pitch, Roll, Rudder da Thrust. In waɗannan huɗun suka zauna daidai ka gama rabin aiki, sauran duk a hankali ake ƙara su, ranar da ka buƙaci abu a sama hannunka ya rasa shi, to ranar ce za ka ba shi gurbi.

Kafin ma ka buɗe DCS, gwada sandar a Windows. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta joy.cpl, zaka ga sunan joistik ɗinka, shiga Properties. Akwai ɗan akwati da alamar giciye a tsakiya. Juya sandar zuwa kowace kusurwa ka tabbata giciyen yana kaiwa bango, sannan ka sake ta ka cire hannu gaba ɗaya ka zuba ido. In giciyen ya tsaya cak a tsakiya, alhamdulillahi. In yana ɗan rawa-rawa shi kaɗai, ka lura da girman rawar domin zamu dawo kanta. Murɗa sandar hagu da dama, ja ɗan totur ɗin sama da ƙasa, danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya kaga lambar kowanne tana kamawa. Wannan ɗan gwajin yana raba maka gardama, in abu bai yi aiki a nan ba to ba laifin DCS bane, kar ka ɓata dare kana neman matsala a inda babu ita. Kuma in da hali ka jona shi kai tsaye a jikin kwamfuta, ka zaɓi ramin USB ɗaya ka riƙa amfani da shi kullum.

Maganar wane joistik, a taƙaice: wanda kake da shi ya isa. Logitech Extreme 3D Pro yana da maɓalli 12 da ɗan hular nan ta babban yatsa, wato ƙaramin maɓallin saman sanda da ake turawa kowane gefe, da murɗi da ƙaramin totur a gindi. Thrustmaster T.16000M yana da 16 kuma sandarsa da maganaɗisu take aunawa. Duk biyun mutane da yawa da su suka koyi tashi da sauka da harbi. Su VKB da Virpil da Winwing da HOTAS Warthog suna nan, masu kyau ne ƙwarai, amma ba su ne za su koya maka sauka a Batumi ba, ka bari sai ka tabbatar harkar ta shiga jininka.

To yanzu shiga Options, sannan Controls. Abu na farko, duba can sama ta hagu, akwai inda ake zaɓar jirgi. Kowane jirgi da nashi saitin daban, abin da ka saita wa Su-25T ba zai bi ka zuwa Mustang ba, kuma kana iya tarar da wasu jiragen suna da jeri biyu, na wasa mai sauƙi da na gaske, mutum sai ya shafe awa yana saita na wasa alhali da na gaske yake tashi, ya shiga jirgi yaga ba abin da ya canza. Ka tabbata sunan da ke sama shi ne jirgin da zaka hau. Kusa da shi akwai inda ake zaɓar rukuni, zaɓi Axis Commands.

Nan ne babban tarkon yake, kuma ina roƙonka ka karanta wannan wurin sau biyu. Shafin tebur ne, kowace na'ura da ka jona tana da nata layin daga sama zuwa ƙasa, kibod da nashi, maus da nashi, joistik da nashi, in kana da totur daban ko feda ko ma irin abin wasan nan na hannu na Xbox da ka manta a jone, kowanne da nashi. DCS kuma yana da ɗabi'ar raba wa duk na'urar da ya gani Pitch da Roll da kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Sai ya zama sandarka tana cewa hanci ya tsaya a tsakiya, totur ɗinka kuma shi ma an ɗaura masa hancin yana cewa a nutse, jirgi ya rasa wa zai bi, yana fizga yana karkacewa. Mafi yawan masu cewa jirgina yana juyawa shi kaɗai, wannan ne ciwonsu. Maganinsa ka bi layin Pitch daga hagu zuwa dama ka goge komai sai na sandarka kaɗai, haka Roll, haka Rudder, haka Thrust. Ni abin da nake yi ma, goge duk abin da ke rukunin nake yi a kowace na'ura in fara daga fari tas, ya fi kwanciyar hankali.

Sai ka danna sau biyu a gurbin Pitch ƙarƙashin joistik ɗinka, ka tura sandar gaba ka jawo ta baya, zai kama JOY_Y. Roll hagu da dama, JOY_X. Rudder ka murɗa, yawanci JOY_RZ ne. Thrust ka ja ɗan totur, zai nuna JOY_Z ko JOY_SLIDER1, ya danganta da irin naka. Ka kula lokacin da kake motsa ɗaya kar ka haɗa da wani, musamman murɗi, don hannu yana son ya karkata sai ya kama X maimakon RZ. Sannan Su-25T injinsa biyu ne, saboda haka zaka ga Thrust, da Thrust Left, da Thrust Right. Mai totur guda ɗaya Thrust kawai zai sa, sauran biyun a bar su wayam.

Yanzu kar ka ƙara komai. Fita ka shiga Instant Action ka zaɓi shawagi kawai ba yaƙi, wanda jirgin yake sama tun farko. Danna Ctrl na dama da Enter. Wani ɗan jan akwati zai fito a gefen sikirin yana nuna maka inda wasan yake ganin sandarka da totur da wutsiya. Wannan akwatin abokinka ne na haƙiƙa, na fi son sa fiye da duk wani bayani da wani zai maka, domin ba ya ƙarya. Ja sanda baya, hanci ya tashi. Tura totur gaba, ka ji inji ya ɗau kuka, allurar juyin inji ta hau. In ka tura gaba inji ya lafa, to a juye yake, ka koma Controls ka zaɓi gurbin Thrust, ka buɗe Axis Tune ka sa alama a Invert, shi kenan. Wannan ba lalacewa bace, na'urori da yawa haka suke zuwa.

Axis Tune ɗin nan shi ne inda mutane suka fi yin gardama, kowa da lambobinsa, wani ya rantse da 30 wani yace sifili ne kawai na maza. Bari in faɗi abin da kowanne yake yi sai ka yanke wa kanka.

Deadzone yanki ne a tsakiyar sanda da ake ce wa wasan ya yi kamar bai ga motsi ba. Ka tuna rawar giciyen nan da nace ka lura da ita? Ita ake kashewa da shi. Ka ɗaga lambar kaɗan-kaɗan har ɗigon da ke kan zanen da Axis Tune yake nunawa ya daina motsi in ka saki sanda, sai ka tsaya nan, kar ka ƙara ko ɗaya. Ga sanda mai lafiya 0 zuwa 3 ya wadatar. Murɗi ne yake son fiye da haka, ni ina ba shi wajen 8 zuwa 10, dalili kuwa duk lokacin da ka ja sanda baya da ƙarfi ko ka kwantar da ita gefe, wuyan hannunka yana ɗan murɗawa ba da saninka ba, sai wutsiya ta riƙa shiga, jirgi yana tafiya a karkace kana mamakin me yasa harsashi yake zuba gefen abin da ka auna. Illar dedzon mai yawa a Pitch da Roll ita ce, ka motsa sanda ba abin da ya faru, ka ƙara ba abin da ya faru, sai kwatsam jirgi ya zabura, daga nan ka shiga kai-komo, ka gyara ya wuce ka dawo ya wuce, musamman dab da sauka.

Curvature kuma lanƙwasa layin da ke kan zanen ne yadda tsakiya zata yi laushi. Dalilin da yasa ake buƙatarsa mai sauƙi ne: sandar jirgin gaske doguwa ce, daga ƙasan ɗakin matuƙi take tasowa tsakanin ƙafafu, hannu yana tafiya mai nisa kafin fiffike ya amsa sosai, kuma tana da nauyi. Taka ta kan tebur gajeriya ce, ɗan motsin da bai kai faɗin yatsa ba ya riga ya zama babban umarni. Lanƙwasar tana dawo maka da wani abu daga cikin wancan tazarar. Amma ba kyauta bace, abin da ka samu a tsakiya a gefe kake biya, domin layin dole ya kai ƙarshe, saboda haka yana miƙewa da sauri can wajen baki, in ka ja sosai sai jirgi ya fizge lokaci ɗaya. Shi yasa ban yarda da 35 ko 40 da wasu ke bayarwa ba. Fara da 15 a Pitch da Roll, 20 zuwa 25 a Rudder, ka zauna a kai kwanaki. Wannan zaman shi ne muhimmi. Hannu yana haddace abin da ya saba, in yau 10 gobe 25 jibi 18, ba abin da zai haddace, kullum kai baƙo ne a jirginka. Daga baya in ka koma jirage masu kwamfuta tsakanin sanda da fiffike irin F/A-18C ko F-16C ko JF-17 da Najeriya ta karɓi guda uku a 2021, zaka ga ba sa son lanƙwasa da yawa, kwamfutar ta riga ta tace maka.

Saturation guda biyu ne. Na Y yana rage iyakar abin da jirgi zai samu ko da ka kai sanda bango, na X yana sa ka kai iyaka kafin sanda ta kai bango. Mai farawa ya bar su a 100. Na san akwai jarabar rage Y don jirgi ya yi sanyi, amma ranar da kake dab da ƙasa kana buƙatar duk abin da fiffike zai iya bayarwa, bazaka same shi ba. A totur kuma ka sa alama a Slider, ka bar lanƙwasa da dedzon a sifili, domin shi ba shi da tsakiyar da yake komawa.

To ga abu na biyar, wanda a wurina darajarsa ɗaya da waɗancan huɗun: tirim. In ka tashi da Su-25T ka saki sanda zaka ga hanci yana hawa ko yana sauka, in ka ƙara gudu ya canza, in ka sauke filaf, wato marfin bayan fiffike da ake saukewa lokacin tashi da sauka, ya canza, in ka harba makami daga fiffike ɗaya sai ɗaya ɓangaren ya fi nauyi jirgi ya fara kwanciya. Sabon shiga yana ɗauka sandarsa ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau, haka jirgi yake. Kamar motar da alaimen ɗinta ya karkace ne, kana tafiya kana riƙe da sitiyari da ƙarfi don kar ta ci gefe, tirim shi ne abin da zai karɓe maka wannan riƙon har ka iya sassauta hannu jirgi ya ci gaba a miƙe. A kibod Ctrl na dama ne tare da maɓallan waƙafi, aya, da maƙwabtansu biyu, wanda ba mai iya lalubo su yana tsakiyar juyi. Dole ya dawo kan sanda, ƙarƙashin babban yatsa. Yadda ake yi kuma, ka fara riƙe jirgin a inda kake so da sanda, sannan ka riƙa ɗan taɓa tirim, taɓawa ba dannewa ba, kana sassauta hannu a hankali har nauyin ya tafi. Ba a tuƙi da tirim, sauke wa hannu kaya ake yi da shi. Wanda bai saba da wannan ba bazai taɓa jin daɗin auna makami ba, don duk hankalinsa yana kan kokawa da sanda.

Sai dai nan matsala take tasowa ga mai ƙaramin joistik, hular babban yatsa guda ɗaya ce tak, kuma abu uku ne suke neman ta: waige-waige a ɗakin matuƙi, tirim, da juya kyamarar auna makami. DCS ya tanadi mafita mai kyau. A ƙasan shafin Controls akwai Modifiers, ka shiga ka ƙara wani maɓalli na joistik ɗinka ya zama kamar Shift, in ka riƙe shi duk sauran maɓallan sai su sami aiki na biyu. Ka zaɓi wanda hannun hagu yake kaiwa ba tare da ka duba ba, cikin na gindin sanda. Biyu nake sawa. Hula ita kaɗai tirim, hula da na farko juya kyamara, hula da na biyu waige. Wani zai fi son waige ya zama shi ne na kai tsaye, ba laifi, amma ni ina ganin abin da kake taɓawa kowane minti shi ya cancanci wuri mafi sauƙi. Ka kula wajen ƙarawa akwai Modifier akwai Switch, na farko sai kana riƙe yake aiki, na biyu in ka danna ya zauna har sai ka sake dannawa, kuma mutum yana mantawa a wane hali ya bar shi, saboda haka na farkon ya fi aminci ga mai koyo.

Waigen ma akwai hanyar da zaka raba shi da hula gaba ɗaya. TrackIR shi ne sananne amma da tsada. OpenTrack kyauta ne, yana iya bin motsin kanka da kyamarar kwamfuta ta yau da kullum, ka juya kai kaɗan hoto ya juya da yawa. Yana son haske a fuska, kuma shi ma yana da nasa saitin da zai ci maka yamma guda, don haka kar ka haɗa shi da ranar da kake saita sanda, ɗaya bayan ɗaya. Amma ranar da ya zauna, ka kwantar da jirgi kana kallon titin sauka ta kafaɗarka kana juyowa, zaka gane me yasa ake ta maganarsa.

Maɓallan da suka rage fa? Ƙa'idata ita ce, abin da ake yi a ƙasa ko sau ɗaya a tafiya ya zauna a kibod, abin da ake yi ido yana waje hannu yana aiki shi ke hawa sanda. Kunna lantarki Shift na dama da L, tada inji Shift na dama da Home, rufe murfi Ctrl na hagu da C, duk waɗannan jirgi yana tsaye ake yinsu, ba su da hurumi a kan sanda. Taya G, filaf F, lemar birki P, su ma harafi ɗaya ne, kibod ya ishe su. Su-25T ba a danna maɓallan cikin ɗakinsa da maus, komai ta kibod ko sanda ne, Mustang ne ake dannawa. Abin da zan ce ka fara ɗorawa a sanda: kunamar gaba ta zama Weapon Fire, birkin taya wanda yake W, birkin iska B, da sakin tartsatsin ruɗar makami mai bin zafi wanda yake Delete. Sai kusanto da hoto da nisanta shi, domin a sikirin tanki ɗigo ne kawai. Fita da lema kuwa, Ctrl na hagu da E sau uku, bar shi a kibod, kar ya kusanci yatsunka.

Sauran sai ka fara darasin makami. Misali ranar da ka shiga koyon Vikhr, makami mai linzamin da Su-25T yake ɗaukar har 16, a nan zaka ga da kanka me hannu yake nema. Ka danna 7 ka shiga yanayin harin ƙasa, O ta kunna kyamarar Shkval, ƙaramin talabijin ɗin da ke dama ya kawo hoto fari da baƙi, kana juya kyamara kana neman tanki a bakin hanya, ka kusanto da hoton, Enter ka kama shi, Shift na dama da O ka kunna leza, ka daidaita hancin jirgi da alamar da ke gilashin gabanka, izinin harbi ya fito, ka danne kunama, sannan ka riƙe jirgin a natse har makamin ya isa domin hasken lezar yake bi. Duk wannan kana tafiyar kilomita ɗaruruwa a awa kana tunkarar wurin da ake harbinka. In ka yi sau ɗaya da kibod zaka san cewa juya kyamara da kamawa da leza da canza makami dole su dawo hannu, 7 da O kuwa za su iya zama inda suke don tun daga nesa ake danna su. Kaga wannan saitin kai ka gina shi, ka san dalilin kowane maɓalli. Shi yasa bana ba mai farawa shawarar ya sauke saitin wani daga intanet ya ɗora, zai samu sanda cike da abubuwa amma kansa wayam, ga shi an tsara ta ne da hannun wani da irin wasan wani.

Akwai ɗan taimako biyu a wannan matakin. Alt na hagu da 3 yana sa jirgin ya miƙe da kansa, Alt na hagu da 9 ya sake maka shi, yana da amfani lokacin da kanka yake cikin talabijin. Sannan Shift na hagu da maɓallin Windows da Pause yana tsayar da jirgi a sama cak amma na'urorinsa suna aiki, sai ka gwada maɓallanka a natse ba mai korarka.

In ka koma Mustang ka san cewa wutsiya ce sarauniya a can. Farfelarsa da ƙarfin injinsa suna jan hanci hagu lokacin tashi, sai ka riƙa ba shi dama, kuma da murɗin hannu abin yana da wuya ba kaɗan ba. Ka sa tirim ɗin wutsiya wajen digiri 5 zuwa dama kafin ka fara gudu, ka tura totur a hankali ba lokaci ɗaya ba, ka riƙe sanda baya da farko don tayar wutsiya ta kulle. A shafin Special akwai taimakon tashi da wutsiya mai sarrafa kanta, ba abin kunya bane ka bar su a kunne kana ragewa sannu a hankali. Mai son jiragen farfela da helikwafta da gaske, feda ce abu na gaba da ya kamata ya tara wa kuɗi, kafin ma babban totur.

In komai ya zauna ka adana. A shafin Controls ka danna kan layin joistik ɗinka ka yi Save Profile As, sannan ka je Saved Games, cikin DCS, Config, Input, ka kwafe jakar gaba ɗaya ka ajiye a filasha ko wani wuri. Sunan fayil ɗin yana ɗauke da wata doguwar lamba da Windows ya ba na'urarka, in ka sake sa Windows ko ka canza kwamfuta lambar tana iya canzawa, DCS ya ɗauka sabuwar sanda ce ya dawo maka da saitin farko, a nan Load Profile zai cece ka cikin minti ɗaya. Ka kuma zana sandarka a takarda ka rubuta aikin kowane maɓalli ka manna a gefen sikirin, in ka manta me wani yake yi kuma, kana cikin shafin Controls ka danna shi kawai, zai kai ka layinsa.

Gwajin da nake ba kowa bayan ya gama shi ne wannan: ka tashi daga Kobuleti da jirgi ba makami, ka hau mita 1000, ka yi tirim har ka iya cire hannu jirgi bai hau ba bai sauka ba, ka zagayo, ka sauke taya da filaf, ka sake tirim, ka shigo da gudun kusan kilomita 280 a awa ka dire a hankali, ka saki lema, ka riƙe tsakiyar titi da ɗan murɗi kaɗan-kaɗan don tayoyinsa a matse suke kuma suna fashewa in ka takura musu. In a wani wuri ka ji jirgi yana zabura ko yana maka nauyi, abu ɗaya tak zaka canza, lamba ɗaya, ka sake zagayen. Wanda ya gwada ya ga wani abu daban, ko mai irin sandar da ban ambata ba, ya faɗa min yadda tashi ta kasance, musamman masu tashi da murɗi a Mustang, ina son jin lambobin da suka zauna muku.